Tsofaffin kunyoyi da iyakokin gonakin da aka bari a karkarar Ingila: tambayoyi da amsoshi

Wanda ya hau jirgin ƙasa daga Landan zuwa Lesta a lokacin sanyi, idan ya leƙa taga wajen garin Market Harborough da hantsi ko da la'asar, zai ga makiyayar tumaki ta yi tudu da kwari, tudu da kwari, kamar kwanon rufi da aka shimfiɗa aka lulluɓe da ciyawa. Wannan ba halittar ƙasa ba ce, sawun garma ne. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi yadda waɗannan alamu suka samu, yadda ake gane su da auna su, da abin da ke hallaka su. Inda muka ce zamanin tsakiya, muna nufin wajen ƙarni na 5 zuwa ƙarshen ƙarni na 15 a lissafin tarihin Turai.

Waɗanne alamu ne ake magana a kansu?

Iri huɗu ne suka fi yawa. Akwai manyan kunyoyi da kwarin da ke tsakaninsu. Akwai tudun majuya, wato dogon tudun da ya taru a bakin gona inda shanu ke juyawa da garma. Akwai dakalin gangare, wanda ke fitowa kamar matakala a jikin tudu. Sai kuma tudu mai rami a gefensa, wanda aka haƙa da gangan don kewaye daji, ko gandun barewa na masu sarauta, ko bayan gidajen ƙauye.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne ukun farko ba wanda ya gina su. Taruwa suka yi a hankali, shekara bayan shekara, saboda yadda garma ke tura ƙasa. Na huɗun ne kaɗai aikin shebur.

To ina shingen? Ba shi ne iyaka ba?

A tsakiyar Ingila, daga Dorset a kudu har zuwa Yorkshire da gaba, yawancin gonakin wancan zamani ba su da shinge ko kaɗan. Ƙauye yakan raba ƙasarsa gida biyu ko uku, manya-manyan filaye, kowanne eka ɗaruruwa. A inda ake da uku, ɗaya a shuka alkama kafin sanyi ya shiga, ɗaya a shuka sha'ir ko wake bayan sanyi, na uku a bar shi saura dabbobin gari su yi kiwo su zuba taki. Shekara mai zuwa a juya.

Kowane babban fili an yanka shi rukuni-rukuni, kowane rukuni kuma dogayen tsiri ne jere da juna. Manomi ba ya da gona guda a dunƙule. Mai matsakaicin hali yana iya riƙe eka 30, amma a warwatse: tsiri ɗaya nan, ɗaya can bayan rafi, ɗaya a jigawa, ɗaya a fadama, domin kowa ya samu rabonsa na ƙasa mai kyau da maras kyau. Iyakar da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa ita ce kwarin kunya kawai, wani lokaci da turke ko dutse a bakin, a wasu yankuna kuma da siririyar ciyawa da ba a nomewa. Saboda haka duk kwarin da ka gani a makiyaya yau, mai yiwuwa iyakar mutum biyu ce da aka taɓa yin shari'a a kanta.

Shingen ƙaya miƙaƙƙe da ya cika karkarar yanzu ya zo daga baya ne, galibi tsakanin 1750 da 1850, lokacin da majalisar dokoki ta riƙa zartar da dokar killace ƙasa ƙauye bayan ƙauye. An yi irin waɗannan dokoki fiye da 5,000.

Yaya garma ta tara kunya mai faɗin ɗaki biyu?

Garmar shanu da aka sani a ƙasar Hausa tana da kunne biyu, tana watsa ƙasa hagu da dama, ta tayar da kunya mai faɗin ƙasa da mita ɗaya, badi kuma a fasa ta a sake wata. Garmar Ingila ta wancan zamani kunne ɗaya gare ta, a kafe a dama, ba ya juyawa. Duk inda ta nufa, dama take kifar da ƙasa.

Mai huɗa yakan fara daga tsakiyar tsirinsa. Ya ja layi ɗaya har ƙarshe, ya juya ta dama, ya dawo kusa da layin farko, sai ƙasar layi na biyu ta kife a kan ta farko. Haka zai yi ta zagayawa ta hannun dama yana buɗewa waje, har ya kai iyakarsa ta kowane gefe. Kowane yanka ya matsar da ƙasa taku ɗaya zuwa tsakiya, yankan ƙarshe kuma ya bar rami a buɗe. Maƙwabci ma haka yake yi a nasa, sai ramin ya zama na su biyu. Tunda iyakar ba ta motsi, badi ma a tsakiya ɗaya za a fara, bayan shekaru kuma tsirin ya zama doron ƙasa.

Manoman sun san abin da suke yi. Ƙasar tsakiyar Ingila yumɓu ce mai riƙe ruwa, alkamar da ta kwana cikin ruwa a lokacin sanyi kuwa ruɓewa take yi. Doron yana ɗaga shuka, kwarin yana zama magudana, shi ya sa a yawancin wurare kunyoyin bin gangare suke yi, ba gicciye shi ba. Idan doron ya yi tsayi har ƙasa mai kyau ta ƙare a gefe, sai a shekarar saura a yi huɗa ta hannun hagu don a mayar da wata ƙasar baya.

Girman da aka fi samu a tsakiyar ƙasar shi ne faɗin mita 7 zuwa 8 daga kwari zuwa kwari, tsawo wajen mita 180 zuwa 200, wato kusan sulusin eka. Akwai masu faɗin mita 5, akwai masu wuce 12. Tsayin da ya rage yau daga gindin kwari zuwa doro yakan kama daga santimita 20 zuwa 60, a 'yan wurare har kusan mita. Eka ɗin da muke auna gona da shi ma daga wannan noma ya fito: tsawon yadi 220 a faɗin yadi 22.

Me ya sa kunyoyin ba su miƙe ba, suka karkace a baki?

Wannan karkacewa ita ce babbar shaida. Idan aka dube su daga sama, siffarsu kamar harafin S ce da aka juya baya. Dalili shi ne tsawon ayarin shanu. Garma mai nauyi a cikin yumɓu tana iya buƙatar shanu takwas, bibbiyu a jere, kuma da wannan adadi aka ƙidaya garmunan ƙasar a babban kundin ƙidayar da Sarki Wiliyam ya sa aka yi a 1086. Sa'ad da na gaba suka kai bakin gona, garmar tana can baya da sauran tafiya. In suka tsaya, ƙarshen layin ba zai nomu ba, in suka wuce kuma za su tattake gonar wani. Sai mai kora ya karkata su hagu su bi bakin gonar, garma ta ƙarasa layinta, sannan a juyo da ayarin gaba ɗaya ta dama. Wannan ɗan karkatawa hagu, da aka maimaita shekaru ɗaruruwa a baki biyu, shi ya lanƙwasa kunyar.

A wurare da yawa shingen da aka dasa tun da wuri, kafin zamanin dokokin majalisa, ya bi wannan lanƙwasa. Kunyoyin sun baje, amma shingen ya riƙe siffarsu. Idan ka ga dogayen gonaki sirara masu shinge mai siffar S a juye a taswira, tsofaffin tsiri ne aka haɗa biyu ko uku aka killace.

Mene ne tudun majuya, kuma me ya sa masana ke damuwa da shi?

Duk lokacin da garma ta fito daga ƙasa a bakin gona, tana zubar da 'yar ƙasar da ta jawo, mai huɗa kuma yana kankare yumɓun da ya manne mata. Kaɗan ne a rana, amma a shekara 400 ya zama tudu. Inda rukuni biyu suka haɗa kai, ko inda kunyoyin wani rukuni suka tokari gefen wani, nan tudun ke bi, yana iya tafiya ɗaruruwan mita.

Amfaninsa shi ne ya fi kunya jure wa garmar zamani. Tarakta takan baje kunyoyi cikin 'yan shekaru, amma tudun majuya sai dai ya faɗaɗa, ya zama doro mai faɗin mita 20 ko fiye wanda ido ba ya kamawa sai an tsuguna an dube shi ta inda ya ratsa ƙarƙashin shinge ko hanya. Da irin waɗannan tuddai masanin tsofaffin gonaki David Hall ya sake zana taswirar filayen ƙauyukan Northamptonshire, yana bin gona da ƙafa, har a wuraren da ba sauran kunya ko ɗaya. Wanda ya iya gane majuya ya samu ƙashin bayan tsarin filin duka, domin kunyoyi kullum tokarin ta suke yi a gicciye.

Matakalar da ake gani a jikin tuddai fa?

A tuddan Dorset da Wiltshire, kamar kewayen Worth Matravers da Mere, gangare ya yi tsanani har ba a iya bin sa sama da ƙasa, sai a noma a gicciye. Ƙasar da garma ta sassauta tana gangarowa ta tsaya a iyakar ƙasa ta tsirin, a iyakar sama kuma garma tana cin gindin tudu. Sai dakali ya fito: shimfiɗa a sama, fuska mai tsayi a gaba, wani lokaci mita 2 ko 3, a wasu wurare fiye. Yawancinsu ana danganta su da ƙarni na 12 da na 13, lokacin da jama'a suka yi yawa har yunwar ƙasa ta tura garma inda ba ta dace ba.

A nan ake yawan kuskure. A kan waɗannan tuddai akwai wasu dakalai da suka girme su da shekara dubu ko fiye, na zamanin Rumawa da kafinsu. Bambancin a siffa yake. Na dā ɗin ƙananan gonaki ne masu kusurwa huɗu, a rufe ta kowane gefe. Na zamanin tsakiya dogaye ne, sun kai mita 150 ko 200, bakinsu a buɗe, yana sulalewa ya haɗu da gangare domin shanu su samu hanyar fita.

Idan na ga tudu da rami, yaya zan san abin da aka kewaye?

Dubi gefen da ramin yake. Ramin yana fuskantar dabbar da ake son tsarewa. Idan daji ne ake kare wa daga shanu don kada su cinye tohon itacen da aka sare, ramin yana waje, tudun yana ciki. Idan gandun barewa ne, ramin yana ciki, don barewar da ta zo tsallakewa ta tarar da rami kafin tudu da katangar itacen da ke bisansa. Gandun barewa kuma yakan yi kusurwa masu zagaye, saboda a rage tsawon katanga. Tudun daji na zamanin tsakiya yana da faɗi, tare da ramin yakan kai mita 6 zuwa 10, yana tafiya a karkace. Na ƙarni na 19 siriri ne, a miƙe, mai kaifin doro.

Me ya sa aka bar gonakin?

Wajen 1300 mutanen Ingila sun kai kimanin miliyan 5. Sai ruwan sama ya lalata amfanin gona shekaru a jere, aka yi babbar yunwa daga 1315 zuwa 1317. A 1348 da 1349 annoba ta shigo ta kashe tsakanin sulusi da rabin jama'a, ta kuma riƙa dawowa. Hannun noma ya yi ƙaranci, lada ya tashi, hatsi ya faɗi, ulu kuwa yana da kasuwa. Makiyayi ɗaya da karensa sun isa ƙasar da dā take buƙatar gidaje goma. Masu ƙasa da yawa suka mayar da gonaki makiyayar tumaki, wasu ma suka tashi sauran mazauna. Abin ya kai har gwamnati ta kafa binciken rushe ƙauyuka a 1517. An san kufan ƙauyuka kusan 3,000 a Ingila. Wanda aka fi nazari shi ne Wharram Percy a Yorkshire, wanda ya mutu wajen 1500, inda masana Maurice Beresford da John Hurst suka jagoranci haƙa daga 1950 zuwa 1990. A kan tsaunukan Dartmoor na kudu maso yammacin Ingila kuma akwai kufan Hound Tor, inda kangon gidajen dutse da rumbunan busar da hatsi ke tsaye a tsakiyar gonakinsu.

Ciyawa ce ta adana alamun. Ƙasar da aka daina nomawa, aka bar wa tumaki, saiwar ciyawa takan ɗaure ta a siffar huɗar ƙarshe. A Jamus daji ne ya yi wannan aiki: akwai kunyoyi masu yawa a ƙarƙashin bishiyoyi, kamar a dazuzzukan kusa da Rastatt.

Duk kunyar da na gani ta zamanin tsakiya ce?

A'a, kuma gara a yi shakka da wuri. Abubuwan da suka fi ruɗar mai koyo su ne waɗannan. Kunyoyin ƙarshen ƙarni na 18 da na 19 a miƙe suke kamar an ja da igiya, faɗinsu bai cika wuce mita 5 ba, kuma suna tsayawa daidai cikin shingen da ke kewaye da su. Makiyayar ban ruwa ta ƙarni na 17 da na 18, a bakin kogunan kudu, tana da doro irin wannan, amma akwai 'yar hanyar ruwa a bisa doron, wuri ne kuma shimfiɗaɗɗe a fadama. A Sikotilan da Ailan akwai kunyoyin da aka tayar da shebur don dankali da hatsi, gajeru, masu bin duk inda ƙasa ta samu tsakanin duwatsu. A tsaunukan Cheviot, kan iyakar Ingila da Sikotilan, akwai sirara masu faɗin wajen mita ɗaya waɗanda suka girmi zuwan Rumawa. A Dartmoor kuwa dogayen iyakokin dutse da ke ratsa tsauni a miƙe sun haura shekara 3,000. Sai sawun bututun magudana da aka binne, da huɗar dashen itatuwa ta ƙarni na 20.

Ko kunyar da ta cika dukkan sharuɗɗa, mai faɗi, mai S a juye, mai majuya, ba ta faɗin shekararta. Abin da ido ke gani shi ne huɗar ƙarshe. A ƙauyen da aka mayar makiyaya a 1450, siffar ta 1450 ce. A ƙauyen da ya ci gaba da tsohon tsari har 1790, tsarin tsoho ne amma doron na 1790 ne. Mu a ganinmu wannan ne kuskuren da ya fi yawa a rubuce-rubucen masu sha'awa.

To yaya ake sanin shekaru?

Da farko a duba me ya yanka me. Shingen da ya ratsa kunyoyi a gicciye, suka ɓullo ta ɗaya gefen ba su canza ba, ya zo bayansu. Haka hanyar jirgin ƙasa, wadda galibi ba ta girmi shekarun 1830 ba, da hanyar ruwa ta jiragen kaya daga shekarun 1760. Abin da ya hau kan kunya ya fi ta ƙuruciya, abin da kunya ta hau ya girme ta. A Hen Domen, kan iyakar Wales, an tarar da sawun huɗa a ƙarƙashin ganuwar sansanin da Normawa, mutanen Sarki Wiliyam, suka gina a shekarun 1070, wanda ya nuna ana noman tun kafin ginin.

Na biyu takardu: taswirar mai ƙasa, kundin kotun ƙauye, takardar rabon ƙasa ta ranar killacewa. Na uku tsingaro. Takin gida da ake kai wa gona yana ɗauke da fasassun tukwane, saboda haka tsintar su a gonar da aka nome tana nuna ƙarnukan da aka yi ta zuba taki, ba ranar da aka yanka iyaka ba. Akwai kuma gwajin ɗakin bincike da ke auna yaushe ƙwayar yashi ta rabu da hasken rana. Yana aiki sosai a gindin dakali da majuya, amma dole a ɗebi samfurin cikin bututu marar shigar haske, in haske ya taɓa shi ya lalace.

Dabarar ƙirga itatuwan shinge da masanin tsirrai Max Hooper ya fitar, wato a ƙirga nau'in itace a tsawon yadi 30 a ba kowane nau'i kusan shekara 100, tana taimakawa wajen raba tsohon shinge da sabo. Kada a dogara da ita fiye da haka, domin wasu manoma sun dasa nau'i biyar a rana ɗaya.

Wane lokaci ya fi dacewa a je dubawa?

Daga Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da ciyawa ta yi gajere, da sassafe ko daf da faɗuwar rana. Ka tsaya yadda hasken zai ratsa kunyoyin a gicciye. In ya bi tsawonsu ba za ka ga komai ba. Dusar ƙanƙara 'yar kaɗan da ta fara narkewa takan bar fari a kwari, doro ya fito kore. Bayan ruwa mai yawa kwarin kan cika ya yi layi-layi. Ko da bazara ciyawar kanta tana nunawa, domin mai son danshi tana bin kwari, mai son bushewa tana bin doro. A shekarun fari kamar 1976 da 2018, gonakin da aka riga aka baje sun nuna tsofaffin kwari daga sama: ƙasa ta fi zurfi a wurin, shuka ta fi daɗewa da kore.

Waɗanne taswira da hotuna zan nema kafin in fita?

Taswirar hukumar safiyo ta ƙarshen ƙarni na 19, mai inci 25 a mil, tana kyauta a shafin intanet na Laburaren Ƙasa na Sikotilan, har da na Ingila. Taswirorin zakkar coci da aka zana bayan dokar 1836 suna ɗauke da sunan kowace gona, suna kuma yakan tsira bayan kunya ta tafi. Hotunan da sojan sama suka ɗauka a shekarun 1940 suna ma'ajiyar hukumar kayan tarihi ta Historic England a garin Swindon, su ne suka kama filayen kafin babbar ɓarna.

Sai laida, wato awon ƙasa da hasken leza daga jirgin sama. Hukumar muhalli ta Ingila tana bayar da nata kyauta, awo ɗaya a kowace mita. Ka zaɓi wanda aka cire bishiyoyi da gine-gine, ba na saman komai ba. Matsala biyu ke tasowa. Hoton da aka haska daga gefe ɗaya yakan ɓoye duk kunyar da ta bi layin hasken, don haka a sa manhaja ta haska daga ɓangarori da yawa. Daji mai duhu da ciyawa mai kauri kuma suna hana hasken kai wa ƙasa, sai kwamfuta ta cike gurbin da shimfiɗar ƙarya. Abin da laida ta nuna, a je a taka shi da ƙafa.

Yaya zan auna in rubuta abin da na gani?

Ka nemi izinin mai gona tukuna. Hanyar ƙafa ta jama'a ta ba ka damar wucewa ne kawai. Kayan aiki: tef mai mita 30 ko 50, turaku, igiya, tiyon ruwa irin na magina, sanda mai alamar mita, kamfas, da kwafin taswira.

Kada ka auna kunya ɗaya. Ja tef a gicciye daga tsakiyar kwari, ka ƙirga kunya goma, ka raba da goma, kuma ka yi hakan a tsakiyar tsawonsu, domin a baki lanƙwasa tana ƙara faɗin ƙarya. Don tsayi, kafa turke a doro biyu, ɗaure igiya, daidaita ta da tiyon ruwa, sannan ka auna daga igiya zuwa ƙasa kowane santimita 50. Igiyar da ta wuce mita 10 takan yi ciki a tsakiya ta rage maka zurfin kwari, saboda haka a ƙara turke. Rubuta inda kunyoyin suka fuskanta da kamfas, ka zana iyakar kowane rukuni da majuyarsa a taswira, ka nuna duk inda wani abu ya yanka wani. Na'urar nuna wuri ta waya tana kuskuren mita 3 zuwa 5, rabin kunya ke nan, ta isa nuna fili amma ba ta isa zana tsiri ba. A hoto ka sa sanda a kwari, in ba haka ba tudun ba ya fitowa. Idan ka gama, ka miƙa kwafi ga ofishin rajistar kayan tarihi na gundumar, domin da shi ake duba takardun neman izinin gini.

Me ke lalata su, kuma yaya mai gona zai kiyaye su?

Garma ce ta farko. An nome makiyaya da yawa lokacin yaƙin duniya na biyu don ciyar da ƙasa, aka ci gaba bayan yaƙi da manyan taraktoci. Binciken da aka buga a 2001 kan tsakiyar Ingila ya ware ƙauyuka 43 kacal da filayensu suka tsira da yawa har ake iya karanta tsarin. Huɗa mai zurfi sau biyu ko uku ta isa shafe abin da ya ɗauki shekara 500 yana taruwa, kuma ba a mayar da shi.

Ƙananan ɓarna ma suna taruwa. Shanu da dawaki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa suna dame doro, musamman kewayen kwamin abinci da na ruwa. Tayar tarakta mai kaya tana yanka rami a gicciye, ruwa ya bi. Zomaye suna haƙa fuskar dakali. Sarƙaƙiya tana kashe ciyawar da ke riƙe ƙasa, tumɓuke ta da inji kuma ya fi barinta illa. Wasu suna cike kwari da ƙasa don injin yanka ya ji daɗi.

Maganin ba shi da tsada: kiwon tumaki daidai ƙarfin ciyawa, a fitar da manyan dabbobi idan ƙasa ta jiƙe, a ajiye kwami a wajen alamun ko a riƙa matsar da shi, a tuƙa inji bisa tsawon kunya a lokacin rani, a sare sarƙaƙiya daga gindi a bar saiwa ta ruɓe a wurinta.

Doka ta kare su?

Wani sashe kawai. Wurin da aka sa a jerin kayan tarihi ƙarƙashin dokar 1979, laifi ne a haƙa shi ko a shiga da na'urar neman ƙarfe ba da izini ba, amma yawancin kunyoyi ba sa cikin jerin. Makiyayar da ta kai hekta 2 kuma ta shekara 15 ba a nome ta ba tana buƙatar tantancewar hukuma kafin a sa mata garma. Shingen karkara kuwa, bisa ƙa'idar 1997, sai an sanar da ƙaramar hukuma an jira kwana 42 kafin a cire shi.

Akwai makamancin wannan a ƙasar Hausa?

Kunyarmu ba ta barin irin wannan sawu, domin kowace damina ake sabunta ta, ƙasar jigawa kuma ruwa da iska suna baje ta. Abin da ke daɗewa a wurinmu shuka ce da tudu: layin gamba ko aguwa ko bini-da-zugu a kan iyaka, da 'yar ƙasar da iska ke tarawa a gindinsu har iyakar ta ɗan fi gona tsayi, da burtali tsakanin shinge biyu. Kufai kuma kukoki ne ke tona shi, da ramukan karofi, da tsingaro, da ragowar ganuwa. Dabarar karatu ɗaya ce: a duba me ya yanka me. Dakalin gangare da aka gina da dutse yana nan a duwatsun Mandara, musamman Sukur ta jihar Adamawa, wadda UNESCO ta sa a jerinta a 1999.

Ina zan ga tsarin yana aiki har yanzu?

Laxton a Nottinghamshire. Ƙauyen yana noma manyan filaye uku ba shinge, tsiri-tsiri, ko da yake an haɗa tsirin sun fi na dā faɗi don tarakta. Akwai taswirarsa da Mark Pierce ya zana a 1635, tana laburaren Bodleian a Oksfod, ana iya riƙe kwafinta a bi rukunan da ƙafa. Kowace shekara wajen ƙarshen kaka, zaɓaɓɓun manoman ƙauyen suna zagaya ɗaya daga cikin filayen, suna buga turakun itace a kan iyakar tsiri da ciyawar gari, suna rubuta sunan duk wanda garmarsa ta ci iyaka ko ya bar kwarinsa a toshe, kotun ƙauye kuma ta zauna bayan haka ta yanka masa tara. A Braunton ta Devon ma akwai babban fili guda da ake nomawa tsiri-tsiri, da siririyar ciyawa tsakanin maƙwabta maimakon kwari.